Tayin da Dokta Tukur Ya Karɓa

Shekara ashirin da biyu Malam Halliru ya yi a laburaren wata kwaleji da ke tsakanin Makarfi da Ikara, kuma duk tsawon shekarun nan ko takarda ɗaya ba ta taɓa fita daga ofishin da sunansa a ƙasa ba. Shi ke rubutawa, Dokta Tukur, shugaban laburaren, ke sa hannu. Haka ya tarar ana yi. Bai ga aibun abin ba sai da furfura ta cika masa gemu, ya duba ya ga saura shekara biyu ya yi ritaya, alhali in ya tafi ba abin da zai nuna ya taɓa zama a wurin sai lotsewar kujera.

Awara ce ta fara tayar masa da hankali. Wata ranar kasuwar Hunkuyi ya saya, mai tuya ta naɗe masa a takarda. Yana ci yana karantawa, sai ya ga ashe shafi ne daga kundin binciken wata ɗalibarsu, Khairat Ashafa, a kan abin da ke ruɓar da tumatir a fadamun Ikara. Wata shida baiwar Allah ta yi tana bin gonaki. Abin da gara ta rage a sito, masu shara suka kai wa masu tuya.

Daga nan ya ɗauki aikin da ba wanda ya sa shi. Ya tono wani injin ɗaukar hoton takardu da aka manta da shi a kwali, ya dinga bin kundayen ɗalibai shafi-shafi yana zubawa a kwamfuta, yana ɗorawa a intanet yadda kowa zai iya buɗewa. Ya kuma ƙara da dabararsa: duk kundin da ya shafi noma sai ya taƙaita shi da Hausa, ya naɗi muryarsa ta minti uku, ya tura wa manoma a waya. Shekara shida yana wannan. Masu rake a Kudan sun san muryarsa sarai, amma da za su haɗu da shi a tasha ba mai matsa masa a benci.

Ana nan sai ya ga sanarwa. Wata ƙungiyar masu laburare ta ƙasar waje tana ba da lambar yabo duk shekara ga mutum ɗaya da ya kawo sabon abu, ya kuma nuna shugabanci, wajen adana kundayen bincike a kwamfuta. Shafi biyu kawai suke so, mai nema ya faɗi abin da ya yi, ya sa hannu.

Da yamma ɗaya ya rubuta. Na tattara, na ɗora, na fassara. Karo na farko ke nan da ya rubuta "na" yana nufin kansa, har ya ji kamar ya sa rigar aro. Da ya zo ƙasan takardar, sai hannu ya tsaya. Dokta ne ya kawo shi aikin nan, shi ne kuma ya karɓa masa auren matarsa Luba. A Nasarawan Doya inda Halliru ya tashi, ba ka sa hannu a kwano sai ka ce wa na kusa da kai bismilla, shi kuma in yana da tarbiyya ya ce alhamdu lillahi. Don haka ya buga sunan Dokta a wurin sa hannu. Har ya tsara yadda za a yi: Dokta zai karanta ya ce haba Malam Halliru, ai guminka ne, shi zai ce a'a ranka ya daɗe, a yi haka sau biyu, a na uku ya karɓa da kunya.

Washegari ya tarar da Dokta da waya a kunne, ana maganar taki.

"Ranka ya daɗe, takardar maganar kundayen nan ce. Da ka ɗan duba."

Dokta ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Kai ka rubuta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To me zan duba? Yau muka fara?" Ya zana sa hannunsa mai dogon wutsiya, ya ƙwala wa sakatariyarsa kira. "Kulu! Tura wannan yanzu, adireshin yana sama."

Halliru yana tsaye takardar ta wuce ta gaban hancinsa.

Da ya ba Luba labari a gida, ta ajiye tsintsiya ta dube shi. "Tayi ka yi masa? Malam, lambar yabon tuwo ce?"

"Ai na ɗauka zai karanta."

"Yaushe ya taɓa karanta abin da ka rubuta? Kai da bakinka kake ba ni labari kana dariya."

"Wataƙila ma ba za a ci ba," in ji shi. Ya ma fara addu'ar kada a ci, wanda ba ƙaramin abu ba ne mutum ya roƙa a kan aikinsa.

Aka ci. Bayan wata uku Dokta ya aika a kira shi, Halliru ya same shi da takardar neman lambar a gabansa, ya sa tabarau, yana karanta ta a karon farko.

"Ikon Allah! Malam Halliru, ashe haka muka yi aiki?"

Halliru ya matso kusa da teburin. "Ranka ya daɗe, sai dai akwai ɗan kuskure wajen suna."

Dokta ya cire tabarau ya dube shi. Ya gane, Halliru kuma ya san ya gane.

"Shugabanci suka ce, ko ba haka ba? Shekara shida kana ƙona mana man janareta, wa ya taɓa ce maka don me? Da na hana ka fa?" Ya mayar da tabarau. "Kuma yanzu in aka rubuta musu wata magana, kwalejin za a zubar wa mutunci. Ka shirya mini jawabi. Kada ya yi tsawo."

Luba ta ce ya rubuta wa ƙungiyar da kansa. Ya ce wato ya gaya wa duniya wakilin aurensa maƙaryaci ne, alhali da hannunsa ya buga sunan? Ta ce to aƙalla ranar bikin ya kama bakinsa, duk abin da aka tambayi Dokta ya bar shi ya amsa.

Ta intanet aka yi bikin, bayan azahar, a babban ɗakin taro. Dokta ya sha babbar riga a gaban kyamara. Halliru yana gefe a ƙaramar kujera, daidai inda hoto ya ƙare, yana riƙe da wayar cajin kwamfuta don kada ta zare. Dokta ya karanta jawabi, ya yi tuntuɓe sau biyu kacal. Sai wata mata daga cikin alƙalan ƙungiyar ta ce tana da tambaya: ta yaya yake zaɓar kundin da za a mayar Hausa, kuma me manoman suke cewa?

Dokta ya yi gyaran murya. Ya gyara hula. Ya sake gyaran murya, idonsa ya zamo gefe.

Halliru ya san in ya ƙara yin shiru kaɗan, kowa a ɗakin da kowa a cikin kwamfutar zai fahimci komai ba tare da ya ce uffan ba. Ya ji daɗin shirun har cikin ƙashinsa. Amma ya ga matar ta fara duba takardunta, ya tuna cewa in ta yi shakkar Dokta, aikin ma za ta yi shakka. Ko kuwa dai hannun ne ya saba. Daga baya shi kansa bai iya rabewa ba. Ya zaro biro, ya rubuta layi huɗu da manyan baƙaƙe a takarda, ya tura wa Dokta ta ƙarƙashin tebur.

Dokta ya karanta kamar daga kansa yake fitowa. Aka yi tafi. Matar ta ce ta saurari muryar da ake tura wa manoma, ko da ba ta jin Hausa akwai natsuwa a cikinta, shin tasa ce?

"Wani ma'aikacinmu ne," in ji Dokta. "Yana da ƙoƙari ƙwarai."

Aka rufe taro da addu'a. Manyan kwaleji suka taso suka kewaye Dokta, ana ta barka, ana gyara riguna. Dokta ya waiga ya hango shi yana naɗe waya, ya miƙo masa wayarsa ta hannu.

"Malam Halliru, kai ka iya waɗannan abubuwan. Ɗauke mu."

Halliru ya ja da baya, ya ce na ƙarshen can ya ɗan matso ciki. Ya ɗauki guda uku, dukansu sun fito tas.