Farin Shafin da Desmond Ya Bari

Enid ba ta taɓa karanta littafi ta kai ƙarshensa ba, kuma ba ta jin kunyar faɗa. Tun tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka kai ta gidan gyaran kifi na bakin teku, a can ta tsufa. Sai ga shi rana tsaka an saka ta a littafi. Kuma ba bare ne ya yi mata wannan aika-aika ba, Desmond ne, ɗan ƙanwarta, wanda ita da mijinta marigayi Harold suka riƙa tun yana rarrafe.

Ya sa sunanta, da titinsu, har da jar rigar sanyinta. Duk wannan bai dame ta ba. Shafin ƙarshe ne ya ƙona mata rai. Fari fat ya bar shi, ya rubuta a sama wai kowane mai karatu ya ƙarasa labarin yadda ya ga dama. Mutanen gari kuwa suka samu abin yi. A kwafin littafin da aka ajiye a ɗakin karatu na gari, wani ya aurar da ita ga Walter mai suyar kifi da dankali. Wani mara kunya ya ƙara da cewa tun Harold na raye suke tare.

A layin burodi ta ji, daga bakin maƙwabciyarta Gladys.

"Amarya, yaushe za mu sha shayin biki?"

"Ranar da haƙoranki suka dawo," in ji Enid.

Ko burodin ba ta saya ba ta wuce gidan Desmond. Ta same shi da rigar barci, rana ta take.

"Anti, zauna ki ji," ya ce. "Zamanin da marubuci ke mulkin mutanensa kamar sarki ya wuce. Yanzu mutanen cikin labari 'yantattu ne, mai karatu ma haka. Ba ni da iko da ƙarshen."

"Amma da farkon kana da iko, ko? Wa ya tambaye ni kafin a 'yanta ni?"

"Ai ba ke ba ce. Waccan Enid ta takarda ce."

"Ta takarda ce take share kabarin Harold? Mutumin da ya koya maka ɗaure takalmi, shi ka bari ana wasa da sunansa a layin burodi!"

Desmond ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

"Ka ce kowa zai iya rubuta nasa. Har ni?"

"Har ke, Anti."

"To sa wando, ka ɗauko alƙalami. Rubutuna kamar tafiyar ƙaguwa yake."

A ɗakin karatu mai kula da wurin ta ba su farar takarda da gam, tana danne dariya. Desmond ya liƙe ta a kan ƙazantar da aka rubuta. Enid ta tsaya a kansa tana faɗa da ƙarfi don na bayan kantocin littattafai su ji: Enid ba ta auri kowa ba. Miji ɗaya ta yi, kuma ya ishe ta.

"Wani zai iya zuwa ya ƙara nasa a ƙasa," in ji Desmond.

"To kar ka bar masa wuri. Ci gaba."

Shafi dai ya ƙi cika, dole ta nemo abin faɗa. Ta sa ya rubuta tumatirinta da ya yi kyau bana, da kujerarta ta bakin taga, da yadda take miƙe ƙafa a tsakiyar gado ba mai ce mata matsa. Tun tana magana da faɗa har muryarta ta sauko. Ashe abin da yawa.

"Saura layi ɗaya, Anti."

Ta dubi takardar.

"Rubuta lafiyarta ƙalau. Ka sa sunanka a ƙasa, manya-manya."