Karsanar da Ba Ta San Karkiya Ba

A shekarar da ruwan shuka ya makara, karsana ɗaya ce ta rage a garinmu Dola wadda ba a taɓa ɗora wa karkiya ba, kuma tawa ce, ni Zabdi ɗan Hashub. Ja ce, da fari a goshi. Sa ɗaya ya mutu mini da rani, wanda ya saura kuma ya tsufa har sai an lallashe shi yake tashi. Duk abin da gidana zai ci baɗi a wuyan karsanar nan yake. Matata Yekoliya da hannunta take cire mata kaska, tana yi mata hira kamar 'yar da ta haifa.

Kun dai san dokarmu. In aka tsinci gawa a fili, ba a san wanda ya yi kisan ba, alƙalai su zo da igiya su auna. Garin da ya fi kusa shi zai ba da karsanar da ba ta taɓa aiki ba, a kai ta kwari a karya mata wuya, dattawan garin su wanke hannu a kanta su ce ba su da masaniya. A baki karsanar gari ce, amma daga turken mutum ɗaya take fita.

Ran nan da hantsi na kora jakina zuwa gonata ta bakin hanya, wadda ke tsakaninmu da garin Sharim. Sai ga mutum kwance rub da ciki kusa da dutsen iyaka. Baƙo ne. An tuɓe masa mayafi da takalmi, jini ya bushe a ƙeyarsa, ƙudaje sun yi masa caa. Aikin 'yan fashi ne, ba sai an tambaya ba.

In zan faɗi gaskiya, ban yi tunanin uwar da ta haife shi ba. Na dubi rufin gidajen Dola, na juya na dubi itatuwan ɓauren Sharim. Na san ƙasar nan taki-taki, mu muka fi kusa.

"Kai kuma," na ce masa, "duk faɗin ƙasar Yahuza ka rasa inda za ka mutu sai gonata?"

Ban taɓa shi ba. Ina zan taɓa? Wanda ya taɓa gawa ya ƙazantu kwana bakwai, sai an yayyafa masa ruwan tsarki, gari duka ya san dalili. Ni kuwa dattijo ne mai zama a ƙofar gari, tun ina saurayi abin da aka hana bai taɓa shiga bakina ba. Sai na kwance igiyar jaki na yi zarge, na ɗaga ƙafafunsa da bakin sanda na zura, na ja ya kama. Na ɗaura ɗaya bakin a jikin jakin, na buge shi.

Taki ɗari muka yi a kan tsakuwa da ƙaya, ina ƙirgawa. A hanya mutumin ya birkice rigingine, ban tsaya ba sai a gindin wani tsohon zaitun na mutanen Sharim. Ina fama da zargen da bakin sanda sai na ji murya.

"Ruwa."

Na ɗauka kunnena ne. Na duba, ido ɗaya a buɗe, yana kallon salkar da ke rataye a kafaɗata.

"Baba, ruwa."

Saurayi ne ashe, gemu bai gama cika masa fuska ba. Wayyo ni! Da na sa hannu tun farko da na ji ɗumin jikinsa, da na ɗora shi a kan jakin nan na kai wa Yekoliya. Yanzu ga fatar bayansa duk ta saɓule, kuma wannan aikina ne, ba na 'yan fashi ba. Ya ga fuskata. In ya rayu, a ƙofar gari zai faɗa.

"Bari in kira mutane," na ce masa.

Na karyi reshe na share sawun jan, na kama hanyar gida da salkata a cike. Ban kira kowa ba.

Yekoliya ta tarye ni da tulu, ta zuba mini ruwa a hannu yadda ta saba shekara ashirin da shida.

"Yau da wuri haka, baban Tirza? Ko gonar ta nome kanta ne?"

"Ƙasa ta yi tauri."

Ta ɗauki igiyar za ta rataye, sai ta tsaya tana jujjuya ta. "Jini ne nan. Jakin ya ji ciwo?"

"Ƙaya ce. Ke komai sai kin yi tambaya?"

Ta zagaya jakin sau ɗaya tana shafa ƙafafunsa, ta rataye igiyar, ta kawo mini gurasar sha'ir da zaitun. Na ci. Abin da ya fi sa ni ƙyamar kaina har yau ke nan, na ci har na suɗe.

Da yamma makiyaya suka shigo gari da ihu, sun ga gawa. Aka aika wa alƙalai, aka sa masu korar kuraye daga nesa. Washegari alƙalai biyu suka iso da igiyar awo, tare da wani firist, mai hidimar Ubangiji, siriri mai suna Yedaya. Mu muka fito, mutanen Sharim ma suka fito, babban dattijonsu Falti mai baƙin baki yana gaba.

"Mutanen Dola, kun wanke karsanarku kuwa?" in ji shi. "Ku ba ta ciyawa ta ƙoshi, tafiyar da nisa."

"Rufe mana baki, Falti," in ji tsohonmu Ammihud. "Da da surutu ake awo, da tuni kun cinye Urushalima."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don na san inda na ajiye shi.

Amma makiyayan ba su nufi gindin zaitun ba. Can baya suka tsaya, wajen gonata. Ashe ya ja ciki. Ga sawun gwiwar hannu a ƙasa, ga jini ɗigo-ɗigo, a kan hanyar da na bi na tafi gida. Ni mai salka ya biyo. Ya mutu hannu ɗaya a miƙe yana nuna Dola.

Aka ja igiya zuwa ƙofar Sharim, aka ja zuwa ƙofar Dola. Ammihud ya ce bai yarda ba, aka sake. Mun fi kusa da kamu huɗu. Kamu huɗu kacal!

Firist Yedaya ya tsuguna nesa kaɗan, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da yatsa.

"Ku dubi ƙafafunsa. Shatin igiya ne wannan. Ɗan fashi ba ya tsoron gawa, da hannu yake ja." Ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa. "Wanda ya yi wannan mutum ne mai kiyaye tsarki."

Ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, dattawan gari biyu.

Ba a ma tambayi karsanar wa za a ɗauka ba. Yekoliya da kanta ta kwanto ta, ta jawo ta har ƙofar gari, idonta a bushe. Igiyar da ke wuyan karsanar ita ce wadda na ja yaron da ita.

"Riƙe," in ji ta. "Igiyarka ce."

Muka gangara kwarin da ke gabas da gari, inda ruwa ke gudu rani da damina, ƙasar da garma ba ta taɓa shiga ba. Karsanar ta biyo ni salun-alun, har tana lasar gwiwar hannuna. Bugu ɗaya bai isa ba, sai da aka yi uku.

Mu bakwai ne dattawan Dola, ni ne na biyar. Kowa ya zo ya miƙa hannu bisa karsanar, a ɗebo ruwan rafi a zuba masa, ya ce ba shi ya zubar da jinin nan ba, idonsa kuma bai ga komai ba. Ina kallon ruwan yana zuba a ƙasa, ƙwarya guda cur ga kowane mutum. Kurɓi biyu yaron nan ya roƙe ni.

"Zabdi ɗan Hashub," in ji firist.

Na matsa. Gaskiyar tana bakina, na rantse da Ubangiji tana bakina. Sai na hango 'yata Tirza a bakin gaɓa da jaririnta, na tuna abin da ake yi wa mai alhakin jini, na tuna sunan da zan bar musu. Ruwan ya sauka a hannuna da sanyi. Na faɗi kalmomin da ƙarfi, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Firist ya roƙi Ubangiji ya ɗauke alhakin daga kan garin, kowa ya koma gida da sauƙin zuciya. Kwana huɗu bayan haka ruwa ya sauko, mutane suka ce an karɓa. Falti ma ya aiko mini da sa guda aro, wai don tausayi, na yi huɗa da shi a daidai inda yaron ya kwanta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Yekoliya ba ta taɓa tambayata ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Tana toya mini gurasa, tana ɗinke mini riga, in na yi ciwo ta zauna a kaina. Amma in na dawo daga gona, a ƙasa take ajiye tulun a bakin ƙofa, ta juya ta shige ciki.