Kalmar da Anti Kwamanda Ba Ta Tambaya Ba

A sashen gashin ƙashi na asibitin ba wanda yake kiran shugabar wurin da sunanta na yanka. Anti Kwamanda ake ce mata, kuma ta ci sunan. Gajeriya ce, ba ta da wani jikin a zo a gani, amma in ta tsaya gaban majinyaci ta ce "Tashi!", har ɗan jinyar da ke gefe yana latsa waya sai ka ga ya zabura. Ba faɗa take yi ba, lokaci ta iya. Tana kallon kafaɗar mutum da diddigensa, daidai sa'ad da nauyinsa ya rinjayo gaba sai ta jefa kalmar, jiki ya bi tun kafin tsoro ya farga. In kalmar ta makara ko da ƙiftawar ido ne, majinyaci ya koma kan kujera jagwab, sai kuma a sake sabon lale.

Mai jin Hausa ta yi masa da Hausa, mai jin Turanci ta yi masa da Turanci. Ta yi shekara da shekaru a haka ba ta taɓa rasa bakin magana ba, sai da aka turo mata Baba Injiniya a keken marasa lafiya.

Dogon dattijo ne mai furfura da manyan hannuwa. Daga wata ƙasa mai nisa aka ɗauko shi ya kafa injina a kamfanin yin kwalabe, yana tsakiyar aiki ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ma'aikatan kamfanin sun rantse da Turanci yake ba su umarni, har da tsawa. Amma da ya farfaɗo Turancin ya bi ruwa. Abin da ya rage a bakinsa shi ne harshen da ya sha a nono, Sifaniyanci, shi ma da ƙyar yake fitowa. Ɗiya ɗaya gare shi a duniya, tana can gida da tsohon ciki, an hana ta hawa jirgi.

Babban likita bai ɓoye wa Anti komai ba. Ya ce, "Tafiyar doguwa ce, ba zan bari a ɗora shi a jirgi kamar kaya ba. Ranar da na ga ya taka da ƙafarsa daga ƙarafunan can na koyon tafiya zuwa ƙofa, ranar zan sallame shi ya tafi wurin ɗiyarsa. In ba haka ba yana nan tare da mu. Kin kuwa fi ni sanin abin da kwanciya take yi wa ƙafar tsoho."

Ta sani. Ƙafar da ba ta taka da wuri ba, sandarewa take yi.

Ranar farko ta tsaya gabansa, ta jira kafaɗarsa ta rinjayo, ta ce, "Stand up!" Ya dube ta kamar yana sauraren rediyon da ba a kama tasha ba. Aka kawo waya mai fassara. Kafin wayar ta gama gyaran murya ta faɗi abin da aka ce mata, Baba ya daɗe da komawa cikin kujera. Suka yi ta fama har gumi ya jiƙa mata riga. Daga ƙarshe ya ɗaga hannunsa mai lafiya alamar a ƙyale shi, da aka mayar da shi gado kuma ya juya fuskarsa bango. Wannan juyawar ita ta tsorata ta. Ta ga masu yin ta da yawa, kuma ba duka ne suka juyo ba.

Washegari ta kira ɗiyar ta bidiyo. Yarinyar tana jin Turanci, ga ido ya yi jawur don kuka.

Anti ta ce, "Ƙanwata, share hawayenki, aiki zan ba ki. Ba hira nake so in yi da babanki ba, wannan sai ya zo miki. Kalmomin aikina nake so. Zan faɗa miki da Turanci, ke kuma ki turo min da muryarki yadda ake faɗa a gidanku."

Ta jero mata su kamar yadda take jefa su kullum: stand up, sit down, hold on, push, lean on me, turn around. Kafin azahar saƙonnin murya sun fara shigowa. Tashi shi ne levántate. Zauna, siéntate. Riƙe da kyau, agárrate. Tura, empuja. Jingina, apóyate. Juya, date la vuelta. Anti ta lura cewa abin da Turanci yake faɗa da kalma biyu, wannan harshe sau da yawa yakan dunƙule shi wuri guda, kuma hakan ya yi mata daɗi, don ita a sana'arta kalmar da za ta fita da numfashi ɗaya take so.

Wanda ya sha wahalar karatun nan shi ne maigidanta. Tela ne, shagonsa yana jikin gida, mutum mai sanyin hali da tumbi daidai gwargwado. Da safe kafin ta fita sai ta same shi a kan keken ɗinki.

"Baban yara, ajiye almakashin nan ka ba ni aron jikinka."

"Yau kuma me na yi?"

"Rinjayo gaba kaɗan. Levántate!"

Ya miƙe yana ƙunƙuni. "Ni dai na shiga uku. Da Hausa ma ban tsira ba, yanzu har da yaren waje ake yi min kwamanda a shagona."

"Siéntate!"

"Wannan dai na gane shi," ya ce, ya zauna da sauri.

Haka ta yi ta tashinsa tana zaunar da shi, tana juya shi tsakanin teburin yanka da buhun ƙyallaye, har kalmomin suka daina tsayawa a kanta suka sauko bakinta. Shi kuwa in ta fita sai ya riƙa yi wa masu kawo ɗinki alfahari: matarsa, mai jikoki, ta shiga sabuwar makaranta saboda wani bawan Allah da ba ta haɗa komai da shi ba.

Ranar da ta fara gwadawa, Baba Injiniya yana zaune kansa a sunkuye. Ta dafa gwiwarsa, ta ce a hankali, "Levántate." Kansa ya ɗago kamar an kira shi daga tsakar gidansu. Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya ciko. Sannan ya girgiza kai, ya ɗaga ɗan yatsa, ya maimaita kalmar da laɓɓansa da suka karkace, yana danna ta a inda ya kamata. Gyara yake yi mata! Ta maimaita, ya gyaɗa kai. Ta ja da baya, ta jira kafaɗar, ta jefa masa ita da ainihin muryarta. Sai ga tsoho a tsaye jikinsa yana rawa kamar sabon ɗan maraƙi, ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba.

Daga nan ta gano maganinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa mutane aiki ba ya son zama abin tausayi. Sai ta mayar da shi malaminta. Takan taɓa gwiwarta ta ɗaga gira, shi kuma ya yi ta kokawa da harshensa har ya ce rodilla. Ta nuna hannu, mano. Ƙafa, pie. Kujera, silla. Sanda, bastón. In ta faɗa ba daidai ba ya ɓata rai ya sa ta sake, ba sani ba sabo. Kuma duk sa'ad da yake koya mata, bayansa yakan miƙe ba tare da an ce ya miƙe ba. Ta ga masu ƙoƙari iri-iri a ɗakin nan, amma wannan tsoho ya burge ta. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ƙafar dama tana jan ƙasa, bai taɓa neman a rage masa ba.

A tsakiyar ɗakin akwai dogayen ƙarafuna biyu da aka kafa a jere, majinyaci yana tafiya tsakaninsu yana zame hannu a kai. Wata rana yana ciki gwiwarsa ta lanƙwashe. Ta daka tsawa, "Agárrate!" Hannunsa na hagu ya cafke ƙarfen, ya tsira daga faɗuwa da ƙyar. Su duka biyun sun tsorata. Tun daga ranar wannan kalma ta zama abincinsu, ta faɗe ta da safe ta faɗe ta da rana, shi kuma ya riƙe ƙarfen nan kamar zai bar shatin yatsunsa a jiki.

Da ta ga ƙafar ta yi ƙwari sai ta gaya wa likita ya zo ya gani. Da safiyar ranar saƙo ya shigo daga mijin ɗiyar: an shiga da ita ɗakin haihuwa, wayarta a kashe. Anti ta nuna wa Baba hoton da aka turo, ta yi alamar rungumar jariri. Ya sumbaci wayar, ya nuna ƙarafunan da haɓa, wato a fara.

Likita ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Anti ta ɗaura wa Baba faffaɗar ɗamarar da ake riƙe majinyaci da ita ta baya, ta cusa yatsunta a ciki. Ya tashi da kalma ɗaya. Ya bi tsakanin ƙarafunan tiryan-tiryan har ƙarshe. A nan ƙarafuna suka ƙare, sai fili har ƙofa. Ta miƙa masa sandar dogarawa da ɗaya hannunta. Abin da ya rage kawai ya cire hannun hagu daga ƙarfe ya karɓa.

Hannun ya ƙi tashi.

Ta buɗe baki za ta jefa kalmar, sai ta tarar babu. Duk tsoronta kada ya faɗi ne, shi ya sa ta tambayi yadda ake cewa riƙe, da jingina, da tura, ba ta taɓa tambayar yadda ake cewa saki ba. A tsakanin ƙarafuna ai ba a saki, zamewa hannu yake yi. Ta ce, "Let go!" Ta ce, "Saki, Baba, saki!" Ya dube ta, ya ga damuwa a fuskarta, sai ya ƙara damƙe ƙarfen, don abin da ta koya masa ke nan in an shiga haɗari. Ƙafar dama ta fara karkarwa. Ba lokacin neman waya, ga wadda za a tambaya tana kan gwiwa.

Likita ya ce da tausayi, "Anti, ko mu zaunar da shi, mu bari sai wani makon?"

Ta san in ya zauna yau a gaban likita, a ranar da ake haifa masa jika, bango zai sake juya wa fuska.

Ta jingine sandar a ƙugunta. Ta ɗora hannunta a kan ƙarfen kusa da nasa, ta matse har jijiyoyi suka fito, ta ce, "Agárrate." Sannan ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga hannun sama, ta dube shi ta ɗaga gira, yadda take yi in tana tambayar sunan gwiwa ko kujera.

Ya kalli hannunta. Ya kalli fuskarta. Ta ga malamin ya taso a idonsa ya ture majinyacin gefe. Laɓɓansa suka yi ta motsi.

"Suel... suelta."

"Suelta," ta maimaita kamar ɗaliba.

Ya gyaɗa kai, bayansa ya miƙe. Ta ɗauki sandar, ta zuba wa kafaɗarsa ido. Nauyinsa ya dawo kan ƙafar hagu.

"Suelta!"

Hannun ya buɗe. Kafin ya san ya buɗe sanda tana ciki.

Ya jefa sandar gaba, ya jawo ƙafar dama, ya bi da ta hagu. Ya sake. Tana biye da shi a baya, yatsunta a cikin ɗamara. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar robar gindin sanda a kan daɓe. Da suka kai tsakiyar fili ya tsaya. Ta ɗauka gajiya ce, har ta fara waigen kujera. Bai juyo ba. Da muryar da ma'aikatan kamfanin kwalabe suka sani, ya ce:

"Suelta."

Ita yake nufi. Tunda take aikin nan ba ta taɓa cire hannu daga ɗamarar majinyaci a ranar da ya fara fita fili ba, kuma ba a taɓa ba ta umarni a ɗakin nan ba. Ta dubi likita, likita ya ɗauke kai. Ta dubi dugadugan tsohon, ta ga sun kafu daram. Yatsunta sun ƙage, da ƙyar ta zare su.

Ya tafi shi kaɗai, a karkace, a hankali, yana jan ƙafa, har ya isa. Ya jingina kafaɗarsa da ƙofar, ya ƙwanƙwasa ta da kan sanda kamar mai sallama.

Likita ya share ido da bayan hannu ya ce, "To, Anti, a aika wa ɗiyarsa ta sa a gyara wa babanta ɗaki."

Anti Kwamanda tana nan tsaye a tsakiyar ɗakin inda ya bar ta, hawaye yana bin kumatunta, hannunta har yanzu a buɗe.