Jan Kaset a Shagon Yaya

Ina ƙarama in'ina gare ni, mai tsanani. In aka aike ni sayen sabulu, sai in tsaya gaban mai kanti ina "sa… sa…" har ya gaji ya ce in nuna da yatsa. A gida Auta ake kirana, amma yaran layinmu Shiru-shiru suka raɗa mini.

Yayana gyaran rediyo yake yi a wani ɗan shago a bakin titi, cike da wayoyi da ƙaurin dalma. Can nake zuwa in an tashi daga makaranta, don shi kaɗai ne ba ya ƙarasa mini magana in na maƙale. Wata rana ya buɗe wata tsohuwar rediyo da mai ita ya bar masa, sai ga jan kaset a ciki, babu kwali, rubutun jikinsa ya goge. Ya saka don gwaji.

Wata mata ce ke waƙa, muryarta mai kauri, a ɗan shaƙe, kiɗan kamar yana jiranta. Ba ta gaggawa. Kafin kowane baiti za ka ji ta ja numfashi, sannan ta ajiye kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Waƙoƙin a kan ƙananan abubuwa ne: ɗakin haya mai yoyo, ƙanwarta da ta yi nisa, takalmin da ya matse ta ranar da ta fara aiki. Na yi ta ji har na haddace shi gaba da baya. Da rediyo ta tauna zaren, Yaya ya liƙe da jan farcen Mama, ni kuma na naɗe da biro.

Rannan ina bin waƙar ƙasa-ƙasa, sai Yaya ya ajiye abin da yake yi.

"Auta, sake wannan wurin."

Na sake.

"Kin san tun ɗazu ba ki yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba?"

"A… ai waƙa ce, Yaya."

"To wa ya hana ki ari numfashin matar nan? Ki ja kamar yadda take ja, sannan ki ce sabulu."

Na ja, na faɗa, kalmar ta fito sumul. Muka yi dariya har mai faci na kusa ya leƙo. In'inar ba ta tafi ba, amma daga ranar na san ta inda zan kama ta.

A makarantar kwana na haɗu da Doguwa, ƙawata mai bakin tsiya da kirki. Ita ce ta kawo kaset ɗin wasu samari da muke ji ranar wanki. Su kam gudu suke da kalmomi, kuma duk waƙoƙinsu tambaya ce: me ya sa famfon unguwa ya ƙafe, wa ya ce talaka ba ya mafarki? Sun burge ni ƙwarai, don ba su jin kunyar kowa. Su suka sa na shiga muhawarar makaranta. A tsakiyar jawabi na maƙale. Na shiga buga cinyata da yatsa bisa kiɗansu, na tsallake, na kai ƙarshe. Ban ci ba, amma Doguwa ta yi ihu har aka sa ta shara.

Ina shirin shiga jami'a ɓarin jikin Baba ya shanye, maganarsa ta ɗauke. Tela ne mai surutu, wanda duk wani kiɗa yake kira hayaniya. Ganinsa kwance yana kallon silin ya fi komai yi mana ciwo. Yaya ya kawo faifan wani dattijo da ke kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya shi kaɗai, babu waƙa ko ɗaya. Ban taɓa jin hannu mai natsuwa irin nasa ba. Yakan bar sauti ya mutu sarai kafin ya taɓa na gaba. Kullum da yamma nake kunna wa Baba. Da farko babban yatsansa ne ya soma motsi. Ran nan faifan ya ƙare, na tashi zan kashe, sai na ji:

"Ƙ… ƙa… ƙara."

Kofin da ke hannun Mama ya faɗi. Na durƙusa na ce, "Baba, me ka ce?" Ya harare ni da idon nan nasa, ya sake faɗa.

Abin da ya sa na canja karatu ke nan. Yanzu a asibiti nake, ina koya wa waɗanda magana ta kuɓuce musu. Baba kuwa bakinsa ya dawo har ya isa faɗa da masu kawo ɗinki a ƙurarren lokaci. Sai dai har gobe ba ya yarda cewa yana son faifan. Wai don kada mu 'ya'yansa mu ji ba daɗi yake saurare, kuma shi ya hana kowa ya ɗauke shi daga shagonsa.