Motar da Ta Daina Ihu

Motar Fannami ba ta da oda tun ranar da ya saye ta, kuma babu wanda ya taɓa ganin tana buƙatarta. Tsohuwar Landiroba ce da tukunyar hayaƙinta ta huje, in ta taso daga tashar Gure sai ka rantse hadari ne ya haɗo. Mutanen ƙauyensu, can bayan Kelle, suna jin ta tun tana nesa. Akwai wani tudun rairayi kafin a shiga garin, wanda kan riƙe ta wani lokaci. Da sun ji kukanta ya sauya sai su fito da gudu, su tura, suna yi masa tsiya cewa jakinsa ya sake yin gardama.

Da ragowar shanun mahaifinsa, Malam Aisami, aka sayi motar, a farkon farin da ya share garkunan ƙasar. Zuwa 1974 babu wanda ke dariya a ƙauyen. Fannami yana jigilar kaya tsakanin Gure da Damagaram, abin da ya samu ya sayi buhun gero ya kai gida. To amma motar ba ta iya ɓoye zuwanta. Kafin ya kashe ta, ƙofar gida ta cika da mata da ƙorai. Shi kuwa Malam Aisami bai iya cewa babu ba. Zai zauna a bakin buhu yana aunawa har ya ga gindinsa, sannan ya kwana da ruwa a ciki.

Wannan abu ya ci wa Fannami rai. Yana kallon wuyan tsohon yana ƙara tsawo, rigarsa tana yi masa yawa. Ya yi magana, tsohon ya ce, "Wanda ya ji zuwan abinci ya zo, ni zan kore shi?"

Fannami ya riƙe wannan magana ta inda ba a nufe ta ba. In dai jin ne matsalar, to a daina ji. Ya tafi har Gidigir, inda ba a san shi sosai ba, ya sami wani maƙeri mai suna Illa. Suka buɗe tukunyar hayaƙin, suka cusa mata soson ƙarfe da tarkacen waya har ta cika, suka liƙe hujin. Da ya tayar da motar, sai ga ta tana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwa. Ya ji daɗi, ya kuma ji kunya, amma daɗin ya fi yawa.

Daga nan sai ya riƙa shiga ƙauyen ta bayan gari, ya sauke buhu a hannun ƙanwarsa Aminatu, ita kuma ta ɓoye a ɗakinta ta riƙa dama wa tsohon kunu. Malam Aisami ya sha kunun. Rannan ya dube shi ya ce, "Motarka ta koyi ladabi." Fannami bai iya ɗaga ido ba.

Ba a daɗe ba motar ta fara lalaci. Tana tashi lafiya lau, tana tsaye tana aiki ba wani tari, amma da an ɗora mata kaya ko ta fuskanci hawa, sai ƙarfinta ya zube. Ya taka ta har ƙasa, ita kuwa tana tafiya kamar an ɗaure ta da igiya ta baya. Ƙasan kujerarsa ya riƙa yin zafi har yana jin sa a cinya.

Ya kai ta wajen Abarshi, bakaniken da ke ƙarƙashin bishiyar bedi kusa da kasuwa, abokinsa tun suna karen mota. Abarshi mutum ne mai surutu da son a ce ya iya. Ya kwance buji, wato fulogi, ya goge, ya wanke karbirato, ya hura bututun mai da bakinsa ya tofar, ya zagi masu sayar da isansi, wato fetur, a kwalba da iyayensu. Motar ta fita ta dawo yadda take. Washegari ya sake, ya canza wannan ya ɗaure wancan, duk a banza. Can sai ya zagaya baya, ya sa tafin hannu a bakin bututun hayaƙi, ya ce a taka. Ya daɗe a tsugune.

"Fannami, moter ɗinka, injin kansa, lafiyarsa lau. Numfashi ne ba ya fita. Wa ya taɓa maka tukunyar nan?"

"Huji kawai aka liƙe."

"Huji kawai? Motar da ke tashe mu daga barci ita ce ta zama amarya don an liƙe huji? Bari in fasa ta mu gani."

A gindin bedin akwai mutane zaune, har da wani ɗan ƙauyensu da ya zo neman aikin dako. Fannami ya hango abin da zai faru: a fasa, soson ƙarfe ya zubo, Abarshi ya ɗaga shi sama yana tambaya da babbar murya. Kafin magariba duk Gure ta san cewa ɗan Malam Aisami ya toshe bakin motarsa don kada mayunwata su ji zuwansa. Sai ya ɗaure fuska.

"Ka kasa gano ciwo, shi ne za ka ɓarke min abin da na gyara? Bar min kayana."

Abarshi ya miƙe, ya goge hannu a wandonsa. "Naka ne. Amma walle, ranar da ta shaƙe, ba za ta zaɓi wuri mai inuwa ba."

Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, wani mai raƙumi ya iso tasha da saƙon Aminatu: zawo ya kama Baba, ba ya iya tashi, a zo a kai shi likita. Fannami ya jefa rabin buhun da yake da shi a baya, ya kama hanya. Motar ta ja jiki ta wuce Kelle da kyar. Rana na tsaka ta iso tudun rairayin nan, ta hau rabinsa, ta tsaya.

Ya koma baya ya sake tasowa. Ya rage iskar tayoyi. Ya tone rairayi da hannu, ya shimfiɗa rassa, har rigarsa ya sa. Kowane karo sai ta kai wuri ɗaya ta yi laƙwas, tana gurnaninta na ladabi. Garin yana bayan tudun. A da, da yanzu mutum goma sun kewaye ta. Ya tsaya ya kasa kunne, babu abin da ya ji sai iska. Zafin da ya ji a ransa ya fi na rairayin, domin ya san sarai wanda ya yi masa wannan aiki.

Kuma abin haushi, ko a lokacin sai da ya yi jinkiri. Ya dubi rabin buhun nan, ya tuna ƙoran da za su taru in an ji ƙarar motar, ya ce bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Sau ɗayan nan ya kai shi la'asar.

Daga ƙarshe ya ɗauko ƙarfen cire taya, ya kwanta a ƙarƙashinta, ya dinga dukan tukunyar yana zaginta, yana zagin kansa, har ta ɓalle ta faɗi. Bakinta ya cushe da baƙin toka da waya, sun dunƙule sun zama kamar dutse. Ya tayar da motar. Ta yi wata irin ƙara da ta tashi tsuntsaye, ta haye tudun kamar ba ita ba.

Mutane suka fito, amma ba daga gidaje ba. Daga gabashin gari suke tahowa a jere, maza zalla, ƙafafunsu duk ƙasa, ɗaya yana saɓe da fartanya. Fannami ya kashe motar. Ya kasa sauka.

Mamadu, aminin mahaifinsa, wanda ya tsufa tare da shi, shi ne ya ƙaraso ya dafa ƙofar.

"Sai haƙuri, ɗana. Bayan azahar ya cika. Da zafin nan ba mu iya jira ba."

Fannami ya kifa kansa a kan sitiyari.

"Tun safe yake cewa mu yi shiru," in ji Mamadu. "Ya ce kana hanya, tudu zai riƙe ka, mu kasa kunne mu je mu tura. Har samari muka tsayar a bakin gari. Mun saurara, ɗana, Allah ya sani mun saurara. Ba mu ji ka ba."