Jiragen Zulaihat Ba Sa Shan Mai

Shekara talatin da ɗaya Malam Jatau ya yi yana ɗaga wa jiragen ƙasa fitila a tashar Kaura Namoda, kuma abin da ya tsira da shi bayan ritaya shi ne taurin kai da imani guda: babu abin da ke tafiya sai an ba shi mai. Shi ya sa da 'yarsa Zulaihat ta ce an ba ta gurbin ƙaro karatu a kan wasu injuna da ido ba ya gani, masu tafiya da haske kawai, ya ce ba inda za ta. Ranar Litinin kuma za a rufe karɓar amsa.

Ba mugunta ba ce. Tsoro yake ji kada a yaudari yarinyar ta ƙare ƙuruciyarta a kan iska.

Ranar Asabar da hantsi ta zo zaure da madubin ƙara girman abu da ta aro wajen malamarta, ta ɗiga ruwa a kan ɗan gilashi, ta haɗa madubin da wayarta don hoton ya fito a kai.

"Baba, ga su nan."

Ya gyara tabarau. Wasu ɗige-ɗige ne baƙaƙe, suna ta rawar ɗari a wuri ɗaya.

"Wanga ai ƙura ce, ɗiyata. Mi kika zuba musu?"

"Ruwa ne zalla. Kowane ɗigo inji ne, gefe guda an shafa mishi abin da ke jin haske. In haske ya taɓa shi, sai ya tura ruwa ya tahi."

Ta miƙa masa 'yar fitila mai maɓalli biyu, shuɗi da kore. Tsoho bai yi wata-wata ba ya danna kore, ya ɗaga hannu yadda ya saba. Ɗige-ɗigen nan gaba ɗaya suka ja da baya.

"Kai, waɗanga ba su da tarbiyya. Kore ai tahiya ce. Wa ya koya musu aiki?"

Zulaihat ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce a wajensu shuɗi ne gaba, kore baya. Ya yi tsaki, ya ce da a zamaninsa ne da an kori direban, amma fitilar dai bai mayar ba. Ya danna shuɗi, suka taho. Ya karkata hannu, suka karkata. Cikin ɗan lokaci ya ware guda ɗaya, ya kewaya da shi bayan wani ɓurɓushi, ya tsayar da shi cak a gefen gilashin.

"Baba, wata biyu na yi kafin in iya haka."

"Hannunki rawa yake. Ba a ɗaga hitila da gaggawa."

Ta ce ana fatan wata rana irinsu su tsabtace ruwan sha, ko su kai magani daidai inda ciwo yake. Bai ko ɗago ba. Daɗi ne ya cika shi, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da ya bar tasha, don yau ga abu yana bin fitilarsa.

Sai da aka kira azahar ya ajiye ta.

"Ki rubuta musu kin amsa," ya ce. "Amma in kin je, ki gyara musu koren nan. Abin kunya ne a ce ɗiyar Jatau ce ke tuƙa su."