Inabin Genzo Bai Nuna Ba Tukuna

"Sake kurɓa," in ji Tokuji. "Ba wanda yake korarka."

Genzo ya sake kai kofin bakinsa, ya juya giyar a kan harshe, ya lumshe ido. Kwalabe uku ne a kan teburin barandar gidansa, kowacce an naɗe ta da tsohuwar jarida don kada a ga sunanta. Shekara talatin da ɗoriya ke nan suna wannan zama kowace Alhamis da yamma, su uku: Furuya Genzo mai gonar inabi, da maƙwabcinsa Amemiya Tokuji wanda katangar kara ce kaɗai ta raba gonakinsu, da Nakagomi tsohon shugaban gidan waya, wanda bai cika damuwa da wace giya ce a kofinsa ba muddin kofin a cike yake.

"Wannan taka ce, Toku," in ji Genzo, ya dangwarar da kofin. "Ta Turawa. Ta kwana a gangar katako har ta manta daga inabi ta fito. Kamar mutum ya lashi ƙofar kabad."

Nakagomi ya tuntsure da dariya, ya jawo kwalbar, ya yage jaridar. Sai dariyar ta yanke. Giyar Genzo ce, ta gonarsa, ta shekarar da aka yi ƙarancin ruwa, wadda yake alfahari da ita fiye da kowace. Ja ce mai haske, mara nauyi, mai ƙanshin ɗanyen 'ya'yan itace. Ko a mafarki aka ɗiga masa ita a baki zai faɗi shekararta.

"Mura ce," in ji Genzo. "Hancina a toshe yake tun jiya."

"Mura ce mana," in ji Nakagomi da sauri, ya cika wa kansa kofi.

Tokuji ya ajiye kofinsa. Shi ne mai son giya mai nauyi, baƙa ƙirin, wadda take ɗaure harshe, wadda sai ta shekara goma a kwance kafin a buɗe ta. Genzo kuwa yana cewa irin wannan giyar ta masu son a gan su ce, giyar kirki ita ce wadda manomi zai zuba a kofin shayi ya sha da taliyarsa mai kabewa bayan ya dawo daga gona. A kan wannan sun yi musu a gidan biki, sun yi a gidan makoki, sun taɓa yin wata biyu ba sa gaisawa. Amma tun da suke, Genzo bai taɓa kuskuren giyarsa ba. Kuma Tokuji bai ji yana jan hanci ba ko sau ɗaya tun da aka zauna.

Tokuji ya koma gida ya kasa zama. Ya wanke kofin da yake a wanke, ya kunna rediyo ya kashe, ya fita ya duba tayar motarsa, ya dawo. Tun da matarsa ta rasu ba shi da wanda zai tambaya ko shi ma ya ga abin da ya gani.

Washegari da sassafe yana cikin gonarsa ya ji an kira shi ta kan katanga.

"Kai, mai lasar kabad! Tsallako."

Ya tarar da Genzo a ƙarƙashin rumfar inabi, zaune a kan akwatin roba da aka kifa. Gungun inabi sun rataye a saman kansa, baƙaƙe, sun yi luhu-luhu. A hasken safiya Tokuji ya ga yadda wuyan rigar ya yi masa yawa.

"Ba mura ba ce," in ji Genzo. "Tun da likitoci suka fara ba ni maganin nan komai ƙarfe nake ji a bakina. Shinkafa ƙarfe, shayi ƙarfe. Ciwon yana cikin hanta, ya kuma wuce hanta. Sun ce in zo in kwanta. Na ce musu sai na cire inabina."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon zafi."

"Wata uku! Wata uku kana zaune a gabana kana zagin giyata, ashe ba ka ma jin ɗanɗanonta?"

"Ai ba sai na ji ba. Na san ba ta da daɗi."

Tokuji ya juya baya, ya shiga gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

"Saurara," in ji Genzo. "Ba zan iya sanin ranar yankan inabin ba, sai da harshe. Kai za ka zame mini harshe. Amma irin nawa nake so, ka ji ko? Zaƙi ya shigo, tsami bai gama fita ba. Ba irin naka ba da kake bari sai ya zama maɗi."

Tokuji ya tsinki ƙwaya ɗaya ya tauna, ya tofar da 'ya'yan a tafin hannunsa. "Da saura," ya ce. Gaskiya ya faɗa.

Ran Asabar ma da saura. Ran Litinin ya biyo ta ƙofar gida maimakon ya tsallaka katanga, sai ya ga wata 'yar jaka shuɗiya a ajiye kusa da wurin cire takalma, an ɗora tawul a naɗe da silifa sabbi a kanta. Mitsue, matar Genzo, ta ga inda idonsa ya tsaya, ta matsar da jakar da ƙafarta zuwa bayan ƙofa.

A gona ya tauna ƙwaya. Fatar ta fashe ƙas, zaƙi ya cika masa baki, tsami ya biyo baya siriri, daidai yadda Genzo yake so. Ya san in an yanka yau, gobe a kai wurin matsar inabi na ƙungiyar manoma, jibi a ɗauki jakar nan a tafi asibiti.

"Yaya?" in ji Genzo.

"Da saura."

"Har yanzu?"

"Tsamin ya yi yawa. Sai ka ce lemon tsami. In ka matse wannan ko Nakagomi ba zai sha ba."

Talata ya ce da saura. Laraba ya ce da saura. Kullum da safe Genzo yana jiransa a kan akwatinsa, su yi ta musu a kan giyar shekarar ambaliya, wadda Tokuji yake cewa ruwan wanke kwano ce, Genzo yana cewa ita ce giya mafi gaskiya da kwarin nan ya taɓa fitarwa. Tokuji yakan koma gida abinci ya ƙi shiga. Ya riƙa zagaya gonarsa ba aikin yi, yana ɗaga kai yana kallon duwatsun kudu. Rediyo ta fara maganar guguwar teku, wai ta taso, wai mai yiwuwa ta kauce. Ya riƙe wannan "mai yiwuwa" da hannu biyu.

Ran Alhamis da hantsi Mitsue ta shigo gonarsa ba ko gaisuwa. Ta buɗe tafin hannunta, ƙwayoyin inabi uku ne, ɗaya ta fara tsagewa.

"Yaya Toku, shekara arba'in da biyu ina gidan nan. Ba na shan giyarku, ba na shiga musunku, amma ina da baki. Wannan ya nuna tun kwana uku."

"Mitsue..."

"Sun ce guguwar za ta iso gobe da rana. Ba kaucewar da za ta yi. So kake ya zauna yana kallon inabinsa na ƙarshe yana ruɓewa a kansa?"

"In an yanka zai tafi."

"In ba a yanka ba fa? Zama zai yi?" Ta dunƙule hannunta a kan ƙwayoyin. "Jiya sau uku ya yi amai. Yana danne ciwo da haƙori don ya fito ya same ka da safe. Ni ce nake wanke zanen gadon, ba kai ba. Ka je ka faɗa masa, ko ni in faɗa."

Ya tsallaka katangar. Genzo yana wurinsa, ya rufe gwiwoyinsa da bargo duk da zafin rana.

"Gen, inabinka ya nuna. Tun Litinin ya nuna. Ƙarya nake yi maka."

Genzo ya dube shi, ya miƙa hannu ya tsinki ƙwaya, ya matse ta tsakanin yatsu biyu. 'Ya'yan suka fito jajaye sun ƙosa, ba ɗigon kore a jikinsu.

"Harshena ne ya mutu, Toku, ba idona ba. Kana tofar da 'ya'yan a gabana kullum."

"To me ya hana ka magana?"

Genzo ya goge yatsunsa a bargon. "Ni ma ban matsu ba," ya ce. Sannan ya ɗaga murya. "To tsayuwar me kake yi? Je ka kira mutane, tsohon banza! Ka jawo mini guguwa kuma kana tsaye kana kallona!"

Kafin rana ta karkata mutum goma sha ɗaya sun shigo gonar da almakashi. Nakagomi ya zo da surukarsa, matan layin suka zo da hulunansu masu faɗi da dunƙulen shinkafa a naɗe cikin ganye. Iska ta tsaya cik, zafi ya yi nauyi, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin almakashi da muryar Genzo daga kan akwatinsa.

"Nakagomi, ba wasiƙa kake jefawa ba, ajiye shi a hankali! Kai Toku, wannan gungun ya ruɓe ta ciki, kana so ka sa mini shi a ganga don ya yi ɗanɗanon da ka saba?"

Suka yi ta yanka har ido ya daina rabe gungu da ganye. Da gari ya waye suka dawo. Tokuji ya yi sawu biyar zuwa matsa da 'yar a-kori-kurarsa, yana tuƙi yana leƙen sama. Wajen sha ɗaya iska ta taso daga kudu, rumfar ta fara kaɗawa, wayoyin suna kuka. Ruwa ya sauko a karkace, gaba ɗaya. Layi biyu na can ƙarshen gona ba a kai gare su ba. Tokuji ya ruga da almakashi zai shiga, Mitsue ta riƙe masa hannun riga.

"Bar su. Zo ka kama mini shi."

Su biyu suka ɗaga Genzo zuwa cikin gida. Tokuji ya tsorata da rashin nauyinsa.

Ran Lahadi aka kai shi asibiti. Tokuji ne ya tuƙa, jakar a kan cinyar Mitsue. Daga nan kullum da safe sai ya biya matsa ya leƙa gangar da ruwan inabin Genzo yake tsima a ciki, sannan ya wuce asibiti da labari. A rana ta shida ya tarar da shi ya ƙanƙance a cikin gado, leɓunansa sun bushe, Mitsue tana jiƙa masa su da auduga.

"Ta fara tafasa?" in ji Genzo, da ƙyar ake jin sa.

"Tana tafasa sosai. Kumfa har baki."

"Zaƙin fa?"

Tokuji ya sunkuyar da kai. "Ya yi yawa. Kwana huɗun nan sun ƙara masa."

"Launi?"

"Baƙi."

Kafaɗun Genzo suka fara rawa. Mitsue ta zabura, ta ɗauka tari ne. Dariya yake yi.

"Irin taka za ta fito ke nan. Shekara talatin kana nema, sai da ka ga na kwanta ka yi min fashi a gonata."

"Za ta yi kyau, Gen. In ta kwanta shekara goma..."

"Shekara goma! Kai ɗin za ka kai?" Ya numfasa. "To sai ka kai. Kai ka ɓata ta, kai za ka shanye abinka. Kada ka ba Nakagomi, asara ce."

Bai ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan. Kwana uku ya yi yana barci yana farkawa. Ran Talata da hantsi Tokuji yana matsa, hannunsa jajur har gwiwa yana danna fatun inabi cikin ganga da sanda, aka kira shi a waya. Mitsue ce. Ta ce, "Yaya Toku, ya tafi," ta ajiye. Ya tsaya riƙe da sandar. Sannan ya ƙarasa dannawa, don in an bar fatun a sama giyar lalacewa take yi, ya wanke hannu, ya rufe gangar, ya fita ya kasa tuna inda ya ajiye motarsa.

Bayan an ƙona gawar bisa al'adarsu, baƙi sun watse, 'yar Genzo da Mitsue ta koma birni, Tokuji ya tsallaka katanga wata safiya da niyyar ya sare layi biyun da ruwa ya ɓata. Ya tarar da Mitsue a bakin baranda tana shan shayi. Ta matsa masa, ta zuba masa nasa ba ta tambaye shi ba.

Daga inda suke zaune ana hango ƙarshen gonar. Tsuntsaye sun sauka a kan ragowar inabin, sun fi hamsin, suna ta caccaka suna faɗa da juna. Tokuji ya miƙe rabi, ya ɗaga hannu zai tafa ya kore su. Ya tsaya haka na ɗan lokaci. Sai ya sauke hannun, ya koma ya zauna, ya ɗauki kofinsa. Tsuntsayen suka ci gaba da ci.